Wutar da ke riƙe firjin rigakafi a ƙauyukan arewacin Kano

Kafin allurar rigakafi ta kai ga cinyar jariri a wani ƙauye na Makoda ko Kunchi, sai ta shafe watanni cikin sanyin da bai gaza digiri 2 ba, bai kuma wuce 8 ba a ma'aunin Salshiyos. Zangon ƙarshe na tafiyar shi ne mafi haɗari: firjin ƙaramar cibiyar lafiya da ke tsakiyar gonakin gero da gyaɗa, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, wutar KEDCO kuwa ko dai ba ta iso ba, ko ba a dogara da ita.

Shekaru da dama firjin kananzir ne ya riƙe wannan aiki. Ba shi da inji. Harshen wuta daga lagwani ke dumama ruwan sinadarin amoniya, zagayawarsa cikin bututu ita ke janye zafi. Wasu ɗalibai biyu ne suka ƙirƙiro fasahar a Sweden a 1922, kuma har yau da ita ake sanyaya abinci a wasu motocin yawon buɗe ido masu ɗakin kwana a Turai da Amurka, sai dai su da iskar gas. Mai irin wannan mota idan wutarsa ta mutu, madara kawai zai yi asara. A cibiyar lafiya kuwa, lagwani ya yi hayaƙi ko kananzir ya ƙare cikin dare, allurar yaran mazaɓa guda ce ta shiga haɗari. Ga shi kuma saita sanyinsa da wuya, har yakan zarce ya daskarar da magani.

Wannan daskarewa ita ce illar da ba a cika magana a kanta ba. Ɗigon shan-inna zafi ne ke lalata shi, kuma akwai 'yar alama a jikin kwalbar da ke yin duhu idan ya sha zafi. Amma allurar Penta, wadda ke kare yara daga cututtuka biyar ciki har da mashaƙo, ƙanƙara ce ke kashe ƙarfinta, alamar kuwa ba ta nuna hakan. Ana iya yi wa yaro ita, a rubuta a kati, uwa ta koma gida da kwanciyar hankali, alhali kariyar ba ta samu ba. A jihar da ta fi kowace shan wahalar annobar mashaƙon da ta ɓarke a ƙarshen 2022, wannan ba ƙaramin batu ba ne.

Da sola ta shigo, firjin farko da batir yake aiki, batirin kuma shi ne lagonsa: zafi na rage masa kwana, yana da tsada, ga masu sha'awar cire shi su kunna fitila ko su yi cajin waya. Sabon samfurin, wanda ƙawancen Gavi ya taimaka wa ƙasashe ciki har da Najeriya suka saya, ya rabu da batir gaba ɗaya. Farantin sola ke juya injin kai tsaye da rana, injin ya daskarar da ruwan da ke ɓoye a bangon firjin, ƙanƙarar ta riƙe sanyi cikin dare da ranakun hadari. Hukumar Lafiya ta Duniya na gwada irinsa a zafin digiri 43 kafin ta amince da shi ga ƙasashe masu zafi.

Sai dai ƙurar hunturu na lulluɓe farantin ta rage masa ƙarfi, dole a riƙa gogewa. Dole a rubuta ma'aunin sanyi safe da yamma, har ranakun hutu. Idan inji ya tsaya, sai an samu ƙwararren mai gyara da kuɗin man babur da zai kawo shi, man da ya yi tashin gwauron zabo tun cire tallafi a watan Mayun 2023. Masu ba da agaji kan sayi firji. Kula da shi nauyin gwamnati ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga asusun kiwon lafiya a matakin farko, wani kaso kuma na zuwa asusun cibiyoyin kai tsaye. Kwamitin raya mazaɓa na da hurumin tambayar nawa ya shigo, nawa aka kashe kan firji, ya kuma nemi ganin takardar ma'aunin sanyi ta watan jiya.