Kogon fim da kogon gaske: ina ƙarya, ina gaskiya?

Duk majalisar da aka kalli The Descent sai musu ya tashi. Wani zai rantse a cikin kogo na gaske aka ɗauki fim ɗin, wani ya ƙara da cewa ai halittun nan farare, makafi, masu cin mutane, an taɓa ganin irinsu a Amurka. Duka biyun ba haka ba ne. Neil Marshall ya fitar da fim ɗin a 2005 da kuɗin da bai wuce fam miliyan uku da rabi ba, kuma ko da yake labarin ya ce a tsaunukan Appalachia abin ya faru, kogon da kuke gani gina shi aka yi a situdiyon Pinewood kusa da Landan, ana sauya masa fuska ana sake ɗauka. Wanda aka shiga ƙarƙashin ƙasa da gaske shi ne As Above, So Below na 2014, a ramukan ƙasusuwa na birnin Faris, su ma tsoffin wuraren haƙar dutse ne, aikin hannun mutum.

Babbar ƙaryar waɗannan finafinai ita ce haske. Za ka ga fitila ta mutu, amma fuskar jarumi na nan tar da wani shuɗin haske da ba a san inda ya fito ba. A cikin kogo mai zurfi babu haske ko ƙwayar zarra, kuma maganar cewa ido zai saba da duhu idan an jima ba ta aiki a nan. Ido yana sabawa da ƙarancin haske ne, inda babu shi sam ko shekara ka yi ba za ka ga tafin hannunka ba. Shi ya sa masu binciken kogo ba sa shiga sai kowa da fitila uku, babbar a maƙale a hular kwano. Sandar nan da ake naɗa wa tsumma a cinna mata wuta kuwa, hayaƙi za ta cika maka ido da shi, ta mutu kafin ka yi nisa. A nan dai Marshall ya cancanci yabo, don ya yi ƙoƙarin haska yawancin fim ɗinsa da abin da 'yan wasan ke riƙe da shi.

Batun dodo kuma, tambaya ɗaya ke kashe shi: me zai ci? Inda rana ba ta shiga tsiro ba ya fitowa, inda babu tsiro abinci kaɗan ne. Halittun da ke zaune dindindin a kogo ƙanana ne, masu haƙurin yunwa. Fitaccensu shi ne olm na kogon Postojna a Silobeniya, fari, makaho, tsawonsa bai fi na rular ɗan makaranta ba, kuma yana iya shekaru bai ci komai ba. Mutanen yankin a da sun ɗauka ɗan dodo ne da ambaliya ta fito da shi, kun ga ashe jita-jitar ba yau ta fara ba. Idan akwai abin tsoro mai rai a kogo, jemage ne. Ƙurar kashinsa na jawo ciwon huhu, kuma an danganta kamuwar mutum biyu da cutar Marburg, a 1980 da 1987, da shigarsu kogon Kitum na Kenya.

Amma wanda ya ce duk shiri ne, shi ma ya yi kuskure. Maƙalewa a matsatsin rami gaskiya ce, har ta fi yadda ake nunawa muni. A Nuwamban 2009 wani ɗalibin likitanci ɗan shekara 26 ya maƙale kai a ƙasa a kogon Nutty Putty na jihar Utah. An fi yini guda da kwana ana fama, bai fito ba, ya rasu a wurin. Gawarsa na ciki har yau, an toshe bakin kogon da kankare.

Ruwa ma gaskiya ne. Ranar 23 ga Yunin 2018 yara goma sha biyu 'yan ƙwallo da kocinsu suka shiga kogon Tham Luang a arewacin Tailan da ƙafarsu a bushe, ruwan sama ya sauka a waje ya rufe hanya a bayansu. Sai 2 ga Yuli wasu gwanayen nutso biyu 'yan Birtaniya suka gano su. Da allurar barci aka fito da su ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe ranar 10 ga Yuli, kuma wani tsohon sojan ruwa, Saman Kunan, ya rasa ransa a aikin.

Abin da ya fi ba ni haushi a finafinan nan shi ne yadda ake ceto cikin minti biyar, mai karyayyar ƙafa ya ja igiya da hannu ya haye. Waya ba ta da sabis a ƙarƙashin dutse, sai wani ya fita da ƙafarsa ya kai labari. A Yunin 2014 dutse ya faɗo wa wani mai bincike a ka a zurfin kusan mita 1,000 cikin kogon Riesending na Jamus. Mutum fiye da 700 daga ƙasashe da dama suka taru, kuma sai da aka kwana goma sha ɗaya kafin ya ga rana.

Idan sha'awar fim ta ja ka zuwa bakin wani kogo, ɗan'uwa, kada ka shiga da damina, kada ka shiga kai kaɗai, kuma ka bar wa wani a waje lokacin da ya kamata ka fito.