Amon Jitar Eric Clapton a Faifan Shekarar 1966

A watan Yuli na shekarar 1966 kamfanin Decca ya fitar da faifan garmaho mai suna Blues Breakers with Eric Clapton, wanda ƙungiyar John Mayall ta naɗa a West Hampstead da ke birnin Landan. Clapton, makaɗin jitar ƙungiyar, yana da shekara 21 a lokacin, kuma fiye da shekara guda ke nan da barinsa ƙungiyar Yardbirds, domin a ganinsa ta kauce daga blues, wato kiɗan da baƙaƙen fatar kudancin ƙasar Amurka suka ƙirƙira, wanda daga baya ya bunƙasa a Chicago. Abin da ya ɗaukaka faifan shi ne amon jitar, wato kauri da kaifi da tsawon jimawar sautinta, abin da kunne ke bambanta makaɗi da makaɗi da shi ko da karin waƙa ɗaya suke bi.

Jitar da ya kaɗa ita ce Les Paul Standard ta kamfanin Gibson, samfurin da aka ƙera tsakanin 1958 da 1960 sannan aka daina saboda rashin kasuwa, shi ya sa Clapton ya same ta a matsayin ta hannu. Ya nemi irinta ne don koyi da Freddie King, makaɗin Texas wanda ya riƙe Les Paul, kuma har akwai kiɗansa mai suna Hideaway a cikin faifan. Gangar jikin jitar katako ne mai nauyi wanda ba shi da rami a ciki, an kuma manne wuyanta da gam maimakon a ɗaure shi da kusoshi, kuma maƙera da yawa suna danganta daɗewar karkarwar tsirkiyarta da wannan gini. A ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai maɗaukin sauti, wato maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, wanda ke mayar da karkarwar tsirkiyar ƙarfe ta zama siginar lantarki. Irin wanda ke jikin wannan jita mai tagwayen naɗi ne, ƙirar Seth Lover, inda aka juya naɗin biyu suna adawa da juna domin su kashe gunjin wutar lantarki, sai kuma hakan ya ba da sigina mai ƙarfi da amo mai kauri.

Muhimmin sirrin yana cikin amfilifaya, wato na'urar da ke ƙarfafa siginar kafin ta isa lasifika. Clapton ya yi amfani da samfuri mai lamba 1962 na kamfanin Marshall, akwati ɗaya da ya haɗa na'urar da lasifika biyu masu faɗin inci 12, kuma tushensa shi ne JTM45 da Jim Marshall da ma'aikatansa suka kwaikwayo daga Bassman ta kamfanin Fender. Na'urar tana aiki ne da bawul, wato ƙwayayen gilashi masu zafi irin na tsofaffin rediyo, kuma kowane bawul yana da iyakar ƙarfin da zai iya fitarwa. Idan aka murɗa ƙara har ƙarshe, sigina mai ƙarfi kuma ta shigo daga tagwayen naɗi, sai bawul ya kasa bin ta zuwa ƙololuwa, ya daddatse kanta a hankali, daga nan sai wasu ƙananan sautuka su haifu a saman sautin asali, amon ya yi kaushi da ɗumi. Haka nan bambancin bugu mai ƙarfi da mai rauni yana raguwa, iskar da lasifika ke turowa kuma tana komawa ta girgiza tsirkiya, har sauti ɗaya ya daɗe yana kuka kamar na goge maimakon ya mutu nan take.

Injiniyoyin wancan zamani sun ɗauki wannan kaushi a matsayin aibi, kuma al'adar ɗakin naɗar sauti ita ce makaɗi ya rage ƙara domin a sami sauti mai tsabta. Clapton ya ƙi, ya dage sai ya kaɗa da ƙarar da yake kaɗawa a gidajen rawa, duk da cewa sautinsa yana kutsawa cikin makirufon ganguna da na sauran kayan kiɗa. Mike Vernon, wanda ya shirya faifan, da injiniya Gus Dudgeon sun cancanci yabo a nan, domin sun bar shi ya yi yadda yake so, suka nemi dabarar kama sautin yadda yake.

Duk da haka kuskure ne a jingina komai ga kayan aiki, domin na'urar da aka tura iyakarta tana tona asirin hannun da bai ƙware ba. Clapton yana tura tsirkiya gefe da yatsa har sautinta ya hau daidai inda yake nufi, sannan ya girgiza ta a natse, yana kuma danne sauran tsirkiyoyin da tafin hannu don kada su yi ihu, kuma da sauƙin bugu ko ƙarfinsa yake zaɓar ko amon ya fito wasai ko ya yi kaushi.

An sace jitar a cikin 1966, lokacin da yake fara atisaye da sabuwar ƙungiyarsa ta Cream, kuma ba a dawo masa da ita ba. Neman irinta ya yi yawa a tsakanin makaɗan Ingila da Amurka har Gibson ya dawo da ƙera Les Paul a 1968, Marshall kuma daga baya ya sake fitar da wancan akwati da sunan Bluesbreaker.