Me ya sa iyaye mata ke makara zuwa likita? Darasin jami'a da ya shafi Madawa, Buza da Keita

Duk shekara idan damina ta kankama, ɗakunan kwantar da yara a asibitocin Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa kan cika da masu zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Da yawa ana kawo su ne bayan ciwo ya ci jiki, duk da cewa tun 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta.

An saba ɗora laifin kan jahilci. Sai dai wani fannin karatu da ke nazarin lafiya ta fuskar al'ada, tarihi da zamantakewa na koya wa ɗalibai su bi sawun uwa tun daga gida. A Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ana yin digiri na biyu a wannan fanni tare da cibiyar bincike ta LASDEL, wadda aka kafa a 2001.

A ƙasar Adar magidanta da dama na ci-rani a Najeriya, Kwaddibuwa ko Libiya. Idan yaro ya kwanta, uwa kan jira izini da kuɗin mota daga waje, ga aikin gona, ga hanyoyin da ruwa ke yankewa. Kafin nan wanzami, wanda ke cire beli, da mai maganin gargajiya su ne mafi kusa.

Akwai kuma tarbar da ake samu a asibiti. Littafin da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka fitar a 2003, bayan bincike a manyan biranen Afirka ta Yamma biyar har da Yamai, ya nuna yadda tsawa da fifita 'yan sani ke korar marasa lafiya. Jinkirin biyan cibiyoyin lafiya kuɗin aikin kyauta shi ma ya sha barin su ba magani.

Jami'ar Tawa na ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin da ya rubuta tarihin Adar. Matasan yankin da suka iya harshen mutanensa na da abin bayarwa a wannan fanni. Ga 'yan ci-rani kuwa, barin izini da kuɗin gaggawa a hannun uwa kafin tafiya na iya ceton ran yaro.