FOREST: Muryar Mashaya Taba Ko Ta Masu Sayar da Ita?

Labarin da ake bayarwa game da asalin ƙungiyar FOREST yana da daɗin ji. Wai wata rana Sir Christopher Foxley-Norris, tsohon babban jami'in sojan saman Birtaniya, ya kunna lofensa a tashar jirgin ƙasa ta Reading, sai wata mata ta nemi ya kashe. Abin ya yi masa ciwo, ya ƙudiri aniyar ƙwato wa mashaya taba 'yancinsu. A 1979 aka kafa ƙungiyar, shi ne kuma shugabanta na farko.

Sai dai akwai walakin, goro a miya. Takardun cikin gida na kamfanonin taba, waɗanda shari'o'in Amurka suka tilasta fito da su a ƙarshen shekarun 1990, sun nuna cewa da hannun masana'antar aka kafa FOREST, da kuɗinta kuma take gudana. Ita ma ƙungiyar ba ta musanta cewa kamfanoni irin su British American Tobacco da Imperial sun ba ta tallafi, amma ta dage cewa ra'ayinta nata ne.

Hikimar a fili take. Idan kamfani ya soki dokar hana shan taba, kowa ya san ribarsa yake karewa. Idan kuwa "talaka mashayi" ne ya koka, sai zancen ya tashi daga cutar daji da ciwon zuciya ya koma kan 'yancin ɗan Adam. Haka kamfanin Philip Morris ya yi a Amurka a 1993, inda ya ɗauki nauyin kafa National Smokers Alliance ta hannun kamfanin hulɗa da jama'a na Burson-Marsteller.

FOREST ta yaƙi haramta shan taba a rufaffun wuraren taruwar jama'a, amma dokar ta fara aiki a Ingila ranar 1 ga Yuli, 2007. Ta sake jan daga kan shirin raba kwalayen sigari da adonsu na talla, nan ma majalisa ta amince da shirin a 2015. Duk da shan kaye, ta samu abin da ake bukata daga gare ta: kujera a kowace muhawara.

Wannan tarihi ya shafi duk jami'in da ke karɓar takardun koke a Abuja. Najeriya ta rattaba hannu kan yarjejeniyar taƙaita shan taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda sashenta na 5.3 ya wajabta kare manufofin lafiya daga katsalandan ɗin masana'antar, ta kuma kafa tata dokar a 2015. Don haka idan wata ƙungiya ta shigo ofis da sunan mashaya ko manoma ko 'yan tireda, a saurare ta, amma kafin a shigar da kokenta cikin rahoton da za a kai wa minista, a nemi ta bayyana a rubuce wanda ke biyan kuɗin hayar ofishinta da albashin ma'aikatanta.