Jinyar Kwana ga Masu Shaye-Shaye: Amfaninta da Iyakarta

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayani a kan ɗaya daga cikin hanyoyin da ake bi wajen yi wa waɗanda shaye-shaye ya kama magani, watau hanyar da ake ɗauke mutum daga gidansu, a ajiye shi a wani gida na musamman har tsawon makonni ko watanni. Da yake mu malaman makaranta ne, mun ga ya kyautu mu ari kalmomin da muka saba da su, mu kira wannan hanya jinyar kwana. Ita kuwa wadda majinyaci yakan je asibiti ya komo gida ya kwana, sai mu kira ta jinyar jeka-ka-dawo. Za mu duba asalin jinyar kwana, da matakan da take bi, da abin da ya raba ta da gidan mari, sa'an nan mu kawo wasu shawarwari. Ra'ayin da muke so mu kafa shi ne, jinyar kwana mataki ne guda a cikin doguwar tafiya, kuma ba a iya auna amfaninta sai an dubi halin da majinyaci ya shiga bayan an sallame shi.

2.0 Girman Matsalar

A watan Janairu na 2019 aka fitar da rahoton wani bincike da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi da laifuffuka. Rahoton ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka yi ta'ammali da wani kayan maye a Nijeriya cikin shekarar da ta gabaci binciken, ban da taba da barasa. Daga cikinsu, miliyan 10.6 tabar wiwi suka sha, miliyan 4.6 magungunan kashe ciwo irin su tiramol, miliyan 2.4 kuwa maganin tari mai sa maye. Mutum ɗaya cikin kowane huɗu mace ce, ɗaya cikin biyar kuma abin ya riga ya zame masa cuta. Ganin yadda maganin tari mai kodin ya yaɗu ne ya sa Gwamnatin Tarayya ta hana yin sa da shigo da shi a watan Mayu na 2018.

Ya kamata mu lura da wannan adadi na ɗaya cikin biyar, domin shi ne yake nuna mana cewa ba duk wanda ya taɓa sha ne yake bukatar a kwantar da shi ba. Likitoci sukan ce mutum ya kamu idan ya kasa dainawa ko da ya so, idan abin da yake sha a da ya daina isarsa, idan jikinsa yakan rikice in bai samu ba, kuma idan ya ci gaba da sha alhali yana ganin ɓarnar da abin ke yi wa lafiyarsa da karatunsa da iyalinsa. A cikin waɗanda suka kamun ma, da yawa jinyar jeka-ka-dawo ta wadatar da su. Jinyar kwana ta fi dacewa da wanda dainawar farat ɗaya za ta iya jefa rayuwarsa cikin haɗari, da wanda ya haɗa shaye-shaye da taɓin hankali, da wanda aka gwada sauran hanyoyi aka kasa, da kuma wanda gidan da yake kwana shi ne matattarar masu sha.

3.0 Asalin Jinyar Kwana

Mafi yawan tsare-tsaren da ake bi a yau a ƙasar Amurka suka tsiro. A 1935 gwamnatin ƙasar ta buɗe wani babban gida a garin Lexington na Jihar Kentaki, rabinsa asibiti rabinsa kurkuku, inda aka riƙa tsare masu shan ƙwayoyi ana ba su magani da aikin gona. Da aka bi sawun waɗanda aka sallama, sai aka tarar kusan tara cikin goma sun koma ruwa. Wannan shi ne darasi na farko, watau raba mutum da ƙwaya na ɗan lokaci abu ne mai sauƙi, hana shi komawa gare ta shi ne aikin.

A wannan shekara ta 1935 ne kuma Bill Wilson da Dokta Bob Smith suka kafa ƙungiyar Alcoholics Anonymous a Jihar Ohayo, inda mashaya barasa suke taruwa suna ƙarfafa wa juna gwiwa bisa wasu matakai goma sha biyu. Gidan Hazelden da aka buɗe a Jihar Minesota a 1949 ya haɗa waɗannan matakai da aikin likitoci da masu ba da shawara, daga nan aka sami tsarin nan na kwana 28 da ya yaɗu a duniya. Akwai kuma wani tsari mai tsawon wata shida zuwa shekara ko fiye, wanda a cikinsa majinyatan ne da kansu suke tafiyar da gida, su yi girki da shara, su yi wa juna gyara, wanda ya daɗe ya riƙe hannun sabon zuwa. Gidan Synanon na Jihar Kalifoniya, wanda Charles Dederich ya kafa a 1958, shi ne ya yi fice da wannan tsari, amma daga baya ya rikiɗe ya zama wurin zalunci da tashin hankali, saboda iko ya taru a hannun mutum ɗaya ba mai sa masa ido. Wannan shi ne darasi na biyu.

A nan gida Nijeriya, asibitin masu taɓin hankali na Aro da ke Abeokuta ya buɗe sashe na musamman don jinyar masu shaye-shaye a 1983, daga baya wasu asibitocin Tarayya, kamar na Barnawa a Kaduna, suka bi sahu. Hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, wadda aka kafa da Doka ta 48 ta 1989, ita ma tana da wuraren ba da shawara da gyaran hali.

4.0 Matakan Jinya

Mataki na farko shi ne bincike. Likita zai nemi sanin abin da mutum yake sha, da yawansa, da tsawon lokacin da ya ɗauka yana sha, sa'an nan ya duba ko akwai wata cuta a ɓoye, kamar ciwon hanta, ko tarin fuka, ko ciwon damuwa. Sau da yawa akan tarar damuwar ce ta fara zuwa, ƙwayar ta biyo baya a matsayin magani da mutum ya rubuta wa kansa.

Mataki na biyu shi ne yaye jiki daga abin da ya saba da shi. A nan ne amfanin kwanciya a hannun likita ya fi fitowa fili. Wanda ya daɗe yana shan barasa da yawa, idan ya daina farat ɗaya, yakan fara rawar jiki da gumi cikin awa 6 zuwa 24, wani ya yi farfaɗiya, wani kuma a kwana na biyu ko na uku ya shiga gigita da gane-gane, abin da yakan kai ga mutuwa in ba a kula ba. Haka abin yake ga masu shan ƙwayoyin barci irin su roci da baliyam, shi ya sa ake rage musu a hankali. Masu shan kodin da tiramol kuwa sukan yi fama da ciwon gaɓoɓi da amai da gudawa da rashin barci na kamar mako guda. Wahalar tana da yawa, ko da yake ba kasafai take kisa ba, kuma akwai magungunan da ke sassauta ta.

Mataki na uku shi ne gyaran tunani da ɗabi'a, kuma shi ne ya fi cin lokaci. Bahaushe ya ce sabo turken wawa. Ƙwaƙwalwar wanda ya kamu ta riga ta ƙulla dangantaka tsakanin ƙwaya da wasu wurare da lokuta da mutane, ta yadda ganin majalisar da ya saba zama, ko jin ɓacin rai, ko shigar kuɗi aljihunsa, ya isa ya tayar masa da ƙishirwar abin. Saboda haka ake zama da shi, shi kaɗai da kuma cikin 'yan'uwansa majinyata, a koya masa gane waɗannan tarkuna da dabarun kauce musu. Akan tsara masa yini tun daga asuba har dare, da ibada da motsa jiki da karatu da koyon sana'a, domin zaman banza yana cikin manyan abubuwan da ke mayar da mutum baya. Hukumar binciken shaye-shaye ta Amurka ta nuna cewa jinyar da ba ta kai kwana 90 ba, in an haɗa ta kwana da ta jeka-ka-dawo, amfaninta kaɗan ne.

5.0 Gidan Jinya da Gidan Mari

A ƙasar Hausa, idan yaro ya gagari iyayensa, wurin da yakan fara faɗo musu a rai shi ne gidan mari. Ba za mu yi saurin zargin iyaye ba, gama asibitocin kaɗan ne, suna da nisa, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka. Amma abin da ya bayyana a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, da yawa a cikin mari da tabon duka, da kuma irinsa da aka gano a Daura da Katsina a watan Oktoba, ya isa ya sa mu yi wa kanmu tambaya.

A waje, gidajen biyu sun yi kama, domin kowanne yana da katanga da ƙofa da dokoki. Bambancin yana ciki. Gidan jinya yana kallon wanda aka kawo a matsayin marar lafiya, yana neman yardarsa, yana da ma'aikatan da aka horar, yana da ranar shiga da ranar fita, yana barin dangi su ziyarce shi, kuma hukuma tana iya shiga ta duba. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2020 sun jaddada cewa jinya da yardar majinyaci ake yin ta. A watan Janairu na 2023 kuma aka sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙoƙin majinyata. Mari yana iya hana ƙafa zuwa wurin mai sayar da ƙwaya, amma ba ya koya wa zuciya komai, kuma ranar da aka kwance shi za a saki mutum da tsohuwar ƙishirwarsa, haɗe da sabon ƙullaci ga iyayen da suka kai shi.

6.0 Bayan Sallama

Wani bincike da Lee Robins ta gudanar a farkon shekarun 1970 a kan sojojin Amurka da suka dawo daga yaƙin Biyetnam yana da muhimmanci a nan. Kusan ɗaya cikin biyar na sojojin sun ce sun kamu da ƙwayoyin dangin hirowin a can, amma a shekarar farko bayan sun koma gida, kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka kamun suka sake kamuwa. Idan muka kwatanta wannan da sakamakon Lexington, sai mu ga sojojin sun bar wurin da suka koyi sha sun koma wata rayuwa dabam, su kuwa mutanen Lexington an mayar da su daidai inda aka ɗauko su. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Saboda haka makonnin farko bayan sallama su ne mafiya haɗari. Jikin da aka yaye ya daina jure yawan abin da yake jurewa a da, don haka idan mutum ya koma ya sha adadin da ya saba, musamman na kodin ko tiramol, numfashinsa yana iya tsayawa. Wajibi ne a faɗa wa majinyaci da iyalinsa wannan tun kafin ya fita. Har wa yau, an ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa jinya sukan yi tuntuɓe, adadin da bai yi nisa da na masu hawan jini ko asma da ciwonsu ke tashi bayan ya lafa ba. Wanda ya yi tuntuɓe a mayar da shi wurin likita ya kamata, kamar yadda ake yi wa mai hawan jini.

Muna da abin koyi a cikin tarihinmu. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, inda masu taɓin hankali suke zama a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowanne tare da wani ɗan'uwansa, su je jinya da rana su komo ƙauye su kwana. Hikimar tsarin ita ce, ba a yanke majinyaci daga jama'a ba, kuma ɗan'uwan da zai koma gida da shi ya ga yadda ake kula da shi da idonsa.

7.0 Shawarwari

Na farko, kowane gidan jinya ya sa iyali cikin aikin tun daga ranar farko, ya kuma tsara ziyarar jeka-ka-dawo ta aƙalla wasu watanni bayan sallama. Na biyu, gwamnatocin jihohi su yi wa duk gidajen da ke karɓar masu shaye-shaye rajista, su riƙa duba su ba tare da sanarwa ba, su haɗa malaman addini masu niyyar taimako da ma'aikatan lafiya. Na uku, a tanadi wurare na mata, domin kunya da tsoron rasa mijin aure ko rasa 'ya'ya suna hana su fitowa. Na huɗu ya shafe mu kai tsaye. A yawancin makarantunmu, hukuncin ɗalibin da aka kama da ƙwaya kora ce, alhali kuwa korar tana raba shi da abu guda da zai iya cika masa yini bayan jinya. Muna ganin ya fi kyau a ba shi hutun jinya, a ajiye masa gurbinsa, a damƙa shi ga malamin ba da shawara idan ya dawo. Kwalejojin ilmi kuma su koya wa ɗalibai malamai alamomin kamuwa da wuraren da ake tura mai bukata.

8.0 Kammalawa

Mun yi ƙoƙari a wannan takarda mu nuna cewa jinyar kwana tana iya abu uku: ta yaye jiki ba tare da haɗari ba, ta ba mutum sarari daga inda ya koyi sha, ta kuma fara koya masa wata rayuwar. Abin da ya rage bayan wannan yana hannun iyaye da makaranta da masallaci da majami'a da masu ba da aiki, gama hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Muna fata mahalarta wannan taro za su tattauna shawara ta huɗu musamman, tun da yake ita ce wadda hukumomin makarantunmu za su iya zartarwa ba tare da jiran kowa ba.