CTV 67: Tashar Gwamna ce ko ta Kanawa?

Duk wanda ya tashi a Ƙofa ko Kiru kafin zuwan dish ya san hidimar eriya. A ɗaure ta a kan doguwar gora, a tura yaro waje yana juyawa, na cikin ɗaki suna ta ihun "Ya yi! A'a, koma baya!" har hoto ya daina yayyafi. Yawanci CTV 67 ake wa wannan fama, tashar da siyasa ta haifa.

A 1977 gwamnatin soja ta Obasanjo ta tattara gidajen talabijin na ƙasar nan a ƙarƙashin NTA. Tsarin mulkin 1979 ne ya sake ba jihohi damar mallakar nasu. A shekarar Muhammadu Abubakar Rimi, mutumin Sumaila, ya zama gwamnan Kano a PRP, alhali linzamin NTA yana hannun gwamnatin NPN ta Shagari. Rimi kuwa ba mai aron bakin abokin hamayya ba ne, sai ya kafa tasa a farkon shekarun 1980. Lambar 67 ɗin zangonta ne a UHF, inda aka tura tashoshin jihohi. Bayan rasuwarsa a 2010 aka mayar da sunan ARTV, tana nan a Hotoro.

Abin da ya tuna mini da wannan shi ne ƙasar Kwarori, wato Lebanon. A can mayaƙan Lebanese Forces suka kafa tashar talabijin ta LBC a 1985, ana tsakiyar yaƙin basasa. Da ƙura ta lafa, shugaban ƙungiyar, Samir Geagea, ya ce tasu ce. Pierre Daher da ke tafiyar da ita ya ce ya saya. Aka yi ta shari'a har 2019, kotu a Beirut ta wanke Daher. Iyalan Hariri ne suka kafa Future TV, Al-Manar kuma ta Hizbullah ce. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Tamu ba ta kai kotu ba, akwatin zaɓe ke sauya mata ubangida. A takarda ta Kanawa ce, daga baitulmalinsu ake biyan albashi, har da harajin manomin Doguwa. Amma gwamna ke naɗa shugabanta, kuma ban taɓa ganin an buɗe labarun dare da ɗan hamayya ba.

Dokar 1992 ta ba 'yan kasuwa damar buɗe nasu, Arewa24 ta shigo a 2014. Yau a Ƙofa yaron nan ba ya fita juya gora. Rimot yake ɓoyewa kada a canza masa Daɗin Kowa.