Rubutun Sitensil da Matsalar Haruffa Masu Lanƙwasa a Agege

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga unguwannin Hausawa na Agege a Legas, ya ga wani irin rubutu mai kauri wanda haruffansa suke a tsittsinke, a jikin bango da motocin danfo da kujerun haya. Shi ake kira rubutun sitensil. Wannan maƙala za ta yi bayanin siffarsa da amfaninsa, da kuma wata matsala da ta shafi harshen Hausa.

Siffarsa

Akan yanke haruffa a jikin kwali ko roba ko langa-langa, a ɗora a inda ake son rubutun, sannan a shafa fenti da soso ko a fesa. Haruffa irin su A da B da D da O suna da ciki. Idan aka yanke su baki ɗaya, cikin zai faɗi, a bar rami kawai. Saboda haka mai yanka yakan bar 'yar gada ta riƙe cikin. Fenti ba ya ratsa gadar, shi ya sa harafin yake fitowa a tsinke.

A shekarar 1937 wannan siffa ta shiga ɗab'i sosai a Amurka, inda Gerry Powell ya zana wa kamfanin American Type Founders samfurin haruffa mai suna Stencil, R. Hunter Middleton kuma ya zana wa kamfanin Ludlow nasa da wannan suna. Manyan baƙaƙe ne zalla, kuma a yau ana samun su a kwamfuta.

Amfaninsa

Yana da arha da sauri, domin kwali ɗaya zai buga suna ɗaya sau da yawa ba tare da ya sauya ba. Ana kuma hango shi daga nesa. Amma bai dace da dogon bayani ba, don yana gajiyar da ido.

Matsala

Sitensil ɗin da ake sayarwa a kasuwa haruffan Ingilishi 26 yake bi. Babu Ɓ da Ɗ da Ƙ, alhali tun shekarun 1930 aka shigar da su rubutun boko. Sai ka ga an rubuta MASAUKIN BAKI maimakon BAƘI, ko KASA maimakon ƘASA. Bahaushe zai gane daga ma'ana, amma mu da muka koyi Hausa da girmanmu, da yaran Agege masu tasowa cikin Yarbanci da Ingilishi, allon kan titi malaminmu ne. Abin da muka gani shi za mu rubuta, wani lokaci ma shi za mu furta.

Kammalawa

Gyaran ba shi da wuya. Lanƙwasar tana wajen harafi ne, don haka da reza kawai mai yanka zai ƙara ta. Ya rage ga mai ba da aiki ya nema, mu ɗaliban Hausa kuma mu nuna yadda ake yi. Masu iya magana sun ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.